Gogau, Leƙau da Ɓoyau

Jiya a kasuwar kifi wayata ta yi ƙara, na zabura har na kusa kifar da kwandon tarwaɗar mutane. Yaya Habu, wan matata, ya kama hannuna kamar likita.

Ya ce, "Yaushe ka karɓi katin bankin nan na ci yanzu, biya daga baya?"

Na ce tun bayan girbi.

"To, gogau ne ya kama ka. Da ka hango mai POS, hannunka ya hau ƙaiƙayi sai ka goga kati. Daga nan sai leƙau, kana leƙa waya ko saƙon bashi ne ya shigo, kana gumi. Na ƙarshe ɓoyau, wato ka kife waya da zarar ƙanwata ta shigo ɗaki."

Ni kuwa tun makon jiya nake kife ta. Kuɗin takin shinkafata ta fadama kuwa sun tafi a agogo, takalmi da balangu.

Na ce, "Yaya, akwai magani?"

Ya ari wuƙar mai kifi. "Aikin tiyata ne. Miƙo katin."

Yanzu katin nawa biyu ne, kuma ba wanda ke aiki.

Jama'a, ku faɗi gaskiya, wanne ne ya kama ku?