Maimaita Min

Autata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, domin ni ban shiga aji ba. Wata bakwai ke nan da rasuwar Malam. Na fita takaba, amma kuka bai fita daga gare ni ba, shi ya sa in ta ga na yi shiru take ajiye biron ta jira ni.

Malam aikin hasumiya ya yi a filin jirgin sama. Shi ke magana da matuƙa ta rediyo, ya ce wa wannan ya sauko, ya ce wa wancan ya dakata, don kada su haɗu a sama. Ƙa'idar aikinsu ita ce, duk abin da ya faɗa wa matuƙi sai matuƙin ya mayar masa da shi kalma da kalma. In bai mayar ba, to a wurinsu ba a yi maganar ba. Wannan ƙa'ida ya kwaso ya kawo min har gidanmu a Makera, na sha fama da ita shekara talatin da ɗoriya.

Zai fita da safe ya ce, “Uwargida, mai gyaran famfo zai zo bayan azahar, ki nuna masa na tsakar gida, ban da na kicin.”

In ce, “To.”

Sai ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. “To ba amsa ba ce. Maimaita min.”

“Malam, wai ni jirgi ce?”

“Ina! Ai jirgi ya fi ki jin magana.”

Haka zan maimaita ina zumɓura baki, shi kuwa ya ce “Daidai,” ya sa hularsa ya tafi. Har maƙwabta suka ɗauka. In na aiki ’ya’yansu sayen gishiri, sai uwayen su leƙo ta katanga suna dariya: “Matar hasumiya, ba ki ce su maimaita ba!”

A watan da zai yi ritaya, autar nan ta gama bautar ƙasa a Legas, ta ce ta jirgi za ta dawo. Ranar kuwa Malam ke bakin aiki. Ya roƙi shugabansa, aka yarda in hau hasumiyar in ga saukar ’yata da idona. Kai, murna! Tun jajibirin ranar na yi dambun nama, na sa aka goge min atamfa, na bi gida-gida ina shela. Da muka haye gada a motarsa ji nake kamar ni ce zan tashi sama.

Matakalar ba ta ƙarewa. Na huta sau uku, ina riƙe da kwanon dambu, kafin mu kai wani ɗaki da gilashi ya kewaye ko’ina. Damina ce, gari ya yi lumshi, daji kore shar har iyakar ganina. Abokin aikinsa, wani ɗan ƙabilar Ibo mazaunin Sabon Tasha mai Hausa kamar jakin Kano, ya miƙe ya ba ni kujera.

“Madam, sannu da zuwa! Yau dai oga zai yi aiki tsakani da Allah, sufeto ta zo.”

Malam ya harare shi. “Kai dai dambun ka hango.”

“Oga, hanci ba ya ƙarya.”

Na zauna a gefe na natsu. Turanci suke yi da matuƙan, ba na jin ko ɗigo, amma kafin a jima na gane waƙar gidanmu ce. Malam ya faɗi magana, murya ta fito daga rediyo ta dawo masa da ita sak, sannan ya gyaɗa kai. Na rufe baki da gyale ina dariya. Ashe ba ni kaɗai ake yi wa ba, har da manyan mutane masu tuƙa jirgi!

Can ya juyo ya nuna min gajimare ta kudu. “Ki zuba ido nan. ’Yarki na ciki, saura kaɗan su ɓullo.”

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin jirgi na koyon tuƙi da ke ta shawagi tun zuwanmu, malami da ɗalibinsa a ciki. Malam ya ba shi umarni. Daga baya ya fassara min cewa ya ce masa ne ya kauce gabas ya jira, babban jirgi na saukowa. Amma maimakon muryar ta dawo da maganar, sai muka ji hira. Mutum biyu suna ta surutu hankali kwance, ɗaya har da ƙyaƙyata dariya. Wai labarin ƙwallon da aka buga jiya suke yi. Madannin maganarsu ne ya maƙale ba su sani ba. Rediyon kuwa, in ɗaya ya riƙe layi, ba mai iya shiga. Mu muna jin su, su ba sa jin kowa, babban jirgin ma ba ya jin Malam.

Abokin aikin ya ce, “Oga, ina jin ya ji ka kafin abin ya maƙale.”

Malam ya ce, “Bai maimaita ba.”

Abin da ya faɗa ke nan, da Hausa, ko ɗaga murya bai yi ba. Amma na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Na duba waje, ƙaramin jirgin bai kauce ba. Ga shi can yana tafiya sannu a hankali zuwa daidai wurin da aka ce in zuba ido. Ba sai an fassara min ba. Hanya ɗaya ce, su biyu, kuma autata na cikin wanda gajimare ya rufe wa ido.

Abokin aikin ya fizgo wata fitila mai kama da bindiga da ke rataye, ya auna ƙaramin jirgin yana haska masa jan haske. Malam kuma ya miƙa hannu ga wani rediyo na daban, layin gaggawa da ake son kowane matuƙi ya bar kunne a kansa. Ya kira babban jirgin, ya ce ya fasa sauka, ya yi sama, ya karkata hagu. Ya saki madanni.

Shiru.

Na miƙe tsaye ban sani ba, kwanon dambu a ƙirjina. Duk addu’ar da na iya ta gudu, sai “Ya Allahu” kawai. Malam ya sake faɗa, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, irin yadda yake yi min in ya ga hankalina na kan tukunya. Ni da na shekara talatin ina ƙorafi, sai ga ni ina faɗa a fili, “Maimaita masa! Don girman Allah, bawan Allah, maimaita masa!”

Sai rediyon ya yi ƙara, wata murya mai kauri ta fito. Ban san ma’anar ko kalma ɗaya ba, amma na san su. Su ne dai waɗanda suka fita daga bakin Malam, a jere yadda ya jera su, ba ragi ba ƙari. Na rangaɗa guɗa a cikin hasumiyar gwamnati! Kafin in rufe baki, jirgin ya faso gajimare, ƙato, fari fat, hancinsa a sama, ya kwanta hagu yana ruri har gilashin na rawa. Ƙaramin ya wuce ta ƙarƙashin inda babban ya baro, sannan ya ankara da jan hasken ya yi gefe da sauri. Hirar ƙwallo ta yanke ɗif.

Malam ya ce, “Daidai.” Sannan ya juyo. “Uwargida, zauna. Nan ba gidan biki ba ne.”

Abokin aikin ya share zufa. “Oga, ƙyale ta. Da na iya, da na taya ta.”

Jirgin ya zagayo ya sauka lafiya. Na sauko matakalar nan ban huta ko sau ɗaya ba. Autata ta fito tana jan akwati, ta ce, “Umma, kin ga direbanmu? Har mun kusa ƙasa ya sake tashi, wai don mu ga gari da kyau!” Na rungume ta ina kuka ina dariya, tana ta mamakin yadda rabuwar wata goma kacal za ta sa ni haka. Da Malam ya tashi aiki, rigarsa jiƙe take sharkaf. Ya ja ni gefe ya ce kada in gaya mata, kada tsoron jirgi ya shige ta tun tana yarinya. Kafin ya ƙara komai na ce, “Ba zan gaya mata ba, kada tsoron jirgi ya shige ta.” Ya dube ni ya yi murmushi. Daga ranar bai sake roƙona in maimaita ba, ni ke riga shi.

Na riƙe alkawarin har ranar da ya sauke min shi da bakinsa. Yana kwance a asibiti, murya ta yi ƙasa, ya ce, “Kada ki bar shan maganinki. Ki ba auta labarin nan, yanzu ta girma. Kuma ki yafe min.” Na ce, “Ba zan bar shan magani ba. Zan ba auta labari. Na yafe maka duniya da lahira.” Leɓensa ya motsa. Ban ji sautin ba, amma na san kalmar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yanzu gidan ya yi min faɗi. Duk wanda na faɗa wa magana sai ya ce “to” ya wuce, in bi shi da kallo ban sani ba ko ya ji.

Ga ta nan, ta ajiye biro tun wurin jan haske, da ƙyar na sa ta ɗauka. Yau ta fara jin labarin. Share idonki, auta, kada ki jiƙa min takarda. Na cika na biyu daga cikin ukun da ya bar min, amma ni ba na iya duba abin da kika sa a nan. Koma farko, ki maimaita min.