Jirgin Yekini Mai Faci

Yekini mai facin taya, Allah ya ji ƙansa, mutum ne da ba ya ganin huda ya wuce. Bayarabe ne, amma a nan Fagge aka yanke masa cibi. Shekarar da soja suka koma bariki, ya tsinto wani jirgin ruwa na roba cikin kayan gwanjo a Sabon Gari. Rufaffe ne kamar jarka, a bayansa ake zama. Wai idan damina ta cika kwarin Jakara shi zai riƙa ƙetarar da mutane.

To, jirgin da ramuka a wurin zaman, sun zarce har ƙasa. Yekini ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya liƙe da faci. Akwai kuma ɗan murfi a gindin, ya ce bawul ne, ya kwance, ya yi ta buga iska ba ta zauna ba, ya wurgar da murfin.

Maƙwabcinsa Gana, Banufe, a bakin kogi ya tashi, ya ce, "Baba Azeezat, ramukan nan ta nan ruwa ke fita. Wanda ka buɗe shi ake rufewa."

"Gana, ka taɓa ganin taya mai huda ta kai Zariya?"

Wata rana aka tafka ruwa, ga matarsa Raliat ta taso daga Kantin Kwari da ƙunshin ankon bikin 'yarsu Azeezat, na dangi kaf. Ta ce za ta zagaya ta gada ta kai wa tela a ƙetaren kwarin. Yekini ya ce ga jirgi a gida? Ya karɓe ƙunshin ya ɗora.

Ko tsakiya bai kai ba jirgin ya kife. Ya birkito shi, ya cafo ƙunshin, ya sake hawa, har yana ɗaga wa mutane hannu. Ruwa na kwarara ciki ta gindi, na sama kuma facin ya hana shi fita. A zaune ya nutse, sannu a hankali, kamar mai tahiya.

Ruwan kuwa iyakarsa ƙirji, amma fa na kwata ne. Haka aka sha biki cikin ankon nan, mata sai turare suke zubawa, dangin ango na toshe hanci.

Raliat ta ja jirgin tsakar gida, agwaginta ke wanka a kai. Duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa: "Aikin maigidan ne. Ko ɗigo ba ya fita."