Muryar Inna ta kama sunan Malam

Ana sallame asuba muka bar Maradi, mu uku abokan aiki. Har Tasawa ina rungume da ordinater, wato kwamfuta. Ko kilishin bakin tasha, da ba na wucewa, ban kalla ba.

Bara ne muka naɗi muryar wata dattijuwa, Inna, a wani ƙauye kusa da Kona, muka koya wa na'ura magana da ita, don ta riƙa faɗa wa manoma labarin ruwa ta telefon. A buro, wato ofishinmu, muka ga ya kyautu saƙon ya gaida kowa da sunansa. Mun manta Inna, kamar iyayenmu, ba ta kama sunan mijinta. Ranar kasuwa, cikin taron maza, telefon ɗin Malam ya kira shi gatsau da muryar matarsa. Aka yi ta dariya. Tun ranar Inna ba ta leƙa ƙofar gida ba.

Daga Tasawa muka hau moto, wato babur, zuwa ƙauyen Inna don ba ta haƙuri. Esansi, wato fetur, ya yi tsada, masu moto suka huce a kanmu. Gero ya kai ƙugu, hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka mu tura.

Maza na zaune ƙofar gida, da ƙyar aka amsa sallamarmu. Ni kaɗai mace, ni aka tura ciki. Inna na damun fura, ba ta ɗago ba. Na durƙusa na ce za mu cire sunayen, muryar ta zauna, don ƙauyuka da yawa sun saba da ita.

"Ɗiyata," ta ce, "shekara arba'in bakina bai kama sunan ga ba. Kun ara, kun kama mini. Gobe mi za ku sa in ce?"

Na buɗe ordinater a gabanta na goge muryarta, aikin shekara guda. Sai da na gama ta miƙo mini ludayi.

Mun iso Maradi da la'asar, jiki duk laka. Bara, lokacin naɗin, mun tambayi Inna abin da za ta faɗa mana har kwana shida, amma ko sau ɗaya ba mu tambaye ta abin da ba ta faɗa ba.