Jatau Ya Bar Ganga a Tsakiyar Waƙa

Ka taɓa ganin makaɗin da ya bar ganga ana tsakiyar waƙa, ya ruga don waya ta motsa a aljihu? To Jatau ke nan, mai gyaran injin ban ruwa a Talata Mafara.

Hannunsa akwai albarka. Daga Bakura har Kaya da Tsibiri, duk injin da ya ƙi tashi shi ake nema. Wayoyinsa biyu, aljihun rigarsa huɗu, kowanne da sifana ko fulogi a ciki. Kirista ne, shi ke kiɗa a ɗan cocinsu da gangar da mahaifinsa ya kaɗa har ya rasu. Sai dai da rani ya kama, ko ran Lahadi kira ba ya yankewa. Waya na motsi sai ya sulale, ya bar matan coci da tafi kawai.

Fasto ya ja shi gefe ya ce, "Jatau, Allah ba ya karɓar rabin zuciya. Ka sake fita, gangar babanka ta koma hannun wani."

Matarsa Baturiya, mai ba da waƙa, ta ƙara da nata: "Baban yara, ni kam kunya ta ishe ni."

Ya yi alkawari. Lahadi ta zagayo, waƙa ta yi daɗi, sai ga sunan Alhaji Surajo a waya, babban manomin albasar Bakura! Jatau ko ɗagawa bai yi ba. Ya haye babur da farar rigarsa, sai gona.

Alhaji ya ga sandar kiɗa ta leƙo daga aljihun Jatau, cikin sifanu.

"Jatau, mi ya kawo ka? Yau ba ranar cocinku ba ce?"

"Kiranka na gani, Alhaji."

"Kira na yi in ce ka zo gobe! Ka taɓa ganin na bar sahun Juma'a don albasa?"

Don kunya Jatau ya duƙa kan injin, sai ya ga an raba masa tiyo biyu. Bakinsa ya riga shi: "Haba Alhaji! Sau nawa zan faɗa? Wanga ƙaramin inji in ka raba ruwansa, ba gonar da za ta ƙoshi."

Alhaji ya fashe da dariya har hula ta karkace. "To mai gyara, kai tiyo nawa ka jona wa taka zuciya? Tashi ka koma. Albasa ba ta mutuwa kafin gobe."

Ya koma a guje, ya tarar da ganga a hannun wani dattijo. Fasto bai yi wasa ba. Ilahirin ranin nan Jatau a benci yake, yana tafi kamar kowa, wayoyin biyu kulle a akwatin kayan aiki a gida. Abin mamaki, ko manomi ɗaya bai guje shi ba! Da kansu suka koma nemansa Asabar da Litinin.

Ran bikin Ista, Fasto ya rataya masa gangar da hannunsa. Ya kaɗa har maƙwabta suka leƙo ta taga, Baturiya ta rangaɗa guɗa.

Kai ma ranar ibadarka, ko Juma'a ce ko Lahadi, jefa wayar a akwati ka kulle kafin ka fita. Don Allah gwada a makon nan.