Ranar da Dela Ta Bi Taro

Duk wanda ya san Roni ya san Dela mai daddawa, kuma ya san bakinta. Ba zagi take yi ba, gaskiya ce kawai ba ta iya riƙewa a ciki. Idan gishiri ya zarce a miyar biki, mata za su yi ta santin ƙarya, ita ce za ta tsame hannu ta ce a miƙo mata ruwa. Mijinta, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai taɓa tambayar ta ko hula ta yi masa kyau ba.

Mutum ɗaya take raga wa, maƙwabciyarta Priscilla tela, wadda kowa ke kira Maman Gloria. Tun tana amarya mijinta ya kawo ta daga kudancin Kaduna, ya rasu ya bar ta da yara da keken ɗinki. Da keken nan suke ci, da shi suke zuwa makaranta. Dela kuwa tana jin ta a rai kamar ita ta haife ta.

Bara jikar Dela, Zubaida, mai karatun halayyar ɗan Adam a Kano, ta zo hutu da wani gwaji da aka ba su. Ta tara matan layin a tsakar gida, ta jera karan dawa uku a kan tabarma, ta ajiye na huɗu a gefe, ta ce kowacce ta faɗi wanne ne daidai da shi a tsayi. A ɓoye ta riga ta kitsa wa sauran su ce na tsakiya, wanda shi ne gajere, don a ga ko kakarta za ta bi taro ko za ta bi idonta.

Priscilla ce ta fara. "Na tsakiya," in ji ta.

Dela ta dubi karan, ta dubi Priscilla. Ko yaron goye ya ga na tsakiya bai kai ba. Telar da ba ta ganin tsayin kara, wa zai sake ba ta atamfarsa ta yanka? Da ta ji sauran matan suna maimaitawa, sai ta ɗauka su ma rufa wa baiwar Allah asiri suke yi. Aka zo kanta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na tsakiya."

Zubaida ta tuntsire da dariya. "Iya! Ashe ke ma tsoron taro kike yi?" Ta tona shirin, mata suka yi ta shewa. Dela ba ta kare kanta ba, daɗi ne ma ya kama ta har da ƙwalla. "Ja'ira," ta ce, "je ki rubuta tsohuwa ta ji tsoro."

Bayan la'asar ta leƙa gidan Priscilla, ta same ta a kan keke.

"Maman Gloria, yau kin tsinka mini zuciya. Wallahi na zaci idonki ne."

Priscilla ta tsayar da ƙafarta.

"Iya, da yarinyar nan ba ta gaya mini abin da zan ce ba, da na ji kunya yau. Ban ga karan nan sosai ba. Tun damina dishi-dishi nake gani, da lalube nake yanka."

"Wa ya sani?"

"Ke kaɗai."

Dela ta dubi tulin ɗinkin Sallah da ke jibge a kan tabarma, kayan matan layin ne kaf. Ta jawo kujera ta zauna, ta riƙo hannun Priscilla.

"Gobe da safe Kazaure za mu, wurin likitan ido," ta ce. "Duk wadda ta tambaya, ki ce ni ce ba ni da lafiya, kin raka ni."