Mai Duba wa Baba Allura

Abin da na fara gani da muka isa garejin shi ne wata mota da aka lulluɓe gilashinta da bargo da rana tsaka, ƙafafun mutum sun leƙo ta ƙofar direba, ɗaya da silifa, ɗaya babu. Na ɗauka wani ne ya samu wurin barci. Sai da Baba ya yi sallama sannan ƙafafun suka motsa, mai su ya fito da baya-baya, sukundireba a bakinsa. Shi ne mai wayarin ɗin da aka kwatanta wa Baba, wanda yake canza wa motoci hasken dashbod, wato inda mita take a gaban direba.

Ina ajin farko na ƙaramar sakandare a lokacin. A Inkil muke zaune, makarantarmu kuwa tana cikin gari, don haka kullum in an idar da sallar asuba nakan bi Baba a tsohuwar akori-kurarsa. Yakan ɗauko wa manoma tumatir da tattasai da alayyafo ya kai Kasuwar Muda Lawal tun rana ba ta taɓa su ba. Ciwon motar ɗaya ne: zafi. In ta ji kaya sai allurar zafin inji ta yi ta hawa, in ba a lura ba sai dai a ga tururi. Baba yana ganin hanya sarai, yakan hango akuya tun daga nesa, amma abin da ke kusa da shi ya fara yi masa dishi-dishi. Ya taɓa sayen tabarau. In ya sa sai ya ga allura, hanya kuma ta ɓace masa. Ya jefa shi a aljihun mota, bai sake bi ta kansa ba.

Ta haka na zama mai duba masa allura. Hasken dashbod ɗin kore ne mara ƙarfi, kamar ruwan da aka wanke alayyafo a ciki. Yakan kwanta a bayan hannun Baba da gefen gemunsa, sauran cikin motar kuwa duhu ne da ƙanshin ɗanyen tumatir. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana.

“Uwata, ina take?”

“Tana tsakiya, Baba.”

Can an jima: “Uwata, yanzu fa?”

“Ta kusa ja.”

Sai ya gangara gindin wani mangwaro a bakin hanya, ya kashe mota, mu jira ta huce kafin ya ƙara mata ruwa daga jarka. Baba ba mai magana ba ne, ni kuma na fi shi. A gida sai mu wuni, ban da gaisuwa babu abin da ya haɗa mu. Amma a gindin mangwaron nan, tunda an riga an buɗe baki da zancen allura, yakan zarce. Ya nuna mini inda gonar kakanmu take a dā, ya faɗa mini yadda suke zuwa gari a ƙasa suna yara. Yanzu ina ajin ƙarshe, motar an daɗe da sayar da ita, mangwaron ma an sare an yi shaguna. Duk da haka in keke ya wuce da ni ta wurin, sai na waiwaya.

Wata rana zazzaɓi ya hana ni zuwa makaranta. A ranar, motar ta tafasa kafin Baba ya shiga gari, tumatirin mutane ya sha rana ya yi laushi. Da ya dawo gida ko abincin rana bai ci ba. Wani mai keke ne ya ce masa akwai ƙananan ƙwayayen fitila da ake kira LED, in an sa su ko makaho ya ga mita. Asabar na zagayowa ya ce in sa hijabina in raka shi.

“Baba, wace kala za a sa?” in ji mai wayarin, yana goge hannu a wandonsa. “Shuɗi ake yayi. ’Yan jami’ar Gubi, masu keke, kowa shuɗi.”

“Na yi maka kama da ɗan jami’a?”

“In na gama da motar nan, wallahi sai an ɗauka ango ne a ciki.”

“Angon tumatir,” in ji Baba. Masu zaman benci a inuwar darbejiya suka bushe da dariya.

Na tsaya a gefe ina kallo. Ya kwance ƙusoshi, ya zaro mitar gaba ɗaya, wayoyi na biye da ita kamar saiwar rogo. A bayanta akwai ƙananan ramuka. Ya murɗa ya ciro tsofaffin ƙwayayen, kowanne sanye da ’yar hular roba koriya, wasu sun ƙone sun yi baƙi. Ashe koren da na sani duk tsawon lokacin nan hula ce kawai. Sababbin ba su da hula, ’yan falle ne masu ɗigon rawaya a ka. Na farkon da ya sa ya ƙi kamawa. Ya zare, ya juya shi, ya mayar, sai ga haske.

“Waɗannan ba irin na dā ba ne,” ya ce. “Suna da gaba da baya, kamar riga.”

A nan na gane amfanin bargon. Da rana ba a ganin kalar haske, dole sai an ƙirƙiro duhu. Ya ce mu shiga, Baba a kujerarsa, ni a tawa. Aka lulluɓe mu, gaba da gefe. Zafi ya rufe mu, da warin tsohon bargo da baƙin mai. Ta wata ’yar kafa mai wayarin ya zuro hannu ya kunna.

Shuɗin ya yi kyau. Ban taɓa ganin motarmu ta yi kyau haka ba, har tsagin da ke jikin dashbod ya ɓuya. Na ji ina so a bar shi.

“Yaya, Baba?” aka tambaya daga waje.

“To, ba laifi,” in ji Baba.

Amma na ga ya ja kansa baya, ya ƙanƙance ido, babban yatsansa yana goga sitiyari. Haka yake yi in an miƙo masa takarda a gaban mutane. Na dubi allurar. Ja ce, sai dai a cikin shuɗin nan ta koma baƙa, ta saje da abin da ke bayanta.

Aka ɗaga bargo, aka canza, aka sake rufe mu. Wannan karon fari ne, farin da ba shi da ado ko kaɗan, irin na shagon magani. Allurar ta fito jawur. Kafaɗun Baba suka sauka. Na ga leɓensa yana motsi, yana karanta lambobin da ya daɗe bai gani ba.

“Wanne za a bari?” in ji mai wayarin daga waje.

Ga mutane a benci suna saurare, Baba ba zai ce ga wanda idonsa ya iya gani ba. Sai ya ce, “Uwata ta zaɓa. Ita ce mai kujerar.”

Zufa tana bin bayana. Na san in na ce shuɗi, babu wanda zai ga laifina, kuma ranar Litinin Baba zai tambaye ni ina allura take. In na ce fari, ya daina bukatata. Sai na tuna kwanon abincinsa da aka mayar kicin a rufe ranar da tumatir ya lalace.

“Farin,” na ce.

“Ɗaga murya, ’yar Baba, bargon nan kurma ne!”

“Farin. A shuɗin allura ba ta fita.”

“Kash, an hana Baba angonci,” in ji mai wayarin. Baba ya yi ’yar dariya ta hanci, bai dube ni ba.

Ranar Litinin muka fito kamar kullum. Cikin motar ya yi fayau, har ina ganin ƙurar da ke kan takalmina. Na kafa wa allura ido, amsar tana bakina. Baba yakan ɗan sunkuyar da ido ya duba, ya mayar kan hanya. Da ta fara hawa, da kansa ya gangara gindin mangwaro. Muka jira mota ta huce. Tsuntsaye suna ta hayaniya a sama, mu kuwa shiru. Ya ƙara ruwa, muka tashi.

A bakin kasuwa ya saya mini wainar masa mai zafi a leda, abin da sai ranar Juma’a yake yi. Na riƙe ta a cinya ban ci ba. Da muka iso ƙofar makaranta na buɗe mota, na sauke ƙafa ɗaya, na kasa sauke ɗayar. Ɗalibai suna ta wucewa, mai gadi yana kaɗa bulala a iska.

“Mene ne, Uwata? Kin manta wani abu?”

Ban iya duban fuskarsa ba, sai na dubi allurar.

“Baba,” na ce, “gobe ko kana ganinta, don Allah ka tambaye ni.”