Bulun da ya huda zanen zumunta

Na tarar da maigidana ya kwance tsohuwar furojektar cocinmu a tsakar gida, ya ciro lesar ciki, 'yar fitila mai siririn shuɗin haske, ya kunna.

"Maman Ladi, wannan bulu ba shi da ƙarfi. Koriyar lesar da fasto ke nuni da ita ta fi haske." Sai ya fara juyo ta wajen idonsa, wai zai duba.

Na ture hannunsa. "Baban Ladi, zangon hasken shuɗi gajere ne, ido ba ya kama shi sosai. Amma ƙarfin yana nan."

"Boko ya motsa."

Sai muka ji ƙauri. Ashe kan igiyar shanya na ture hasken, zanena na zumuntar mata yana hayaƙi.

Idonsa dai ya tsira. Jama'a, me zan ɗaura ranar Lahadi?